Baba Ya Ƙi Yarda Likita Ta Ɗinka Masa Fatar Ido

Anti Mai Alli,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, don kwana tara ya rage mini. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa, saboda duk lokacin da na karanta sai in ga zagi ya fi bayani yawa. Wannan karon na bar ta yadda ta zo. Inda kika ga na yi rashin kunya ki yafe mini, raina ne a ɓace.

Ni ce auta a gidanmu, mu biyar ne. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon gwaje-gwajen asibiti, irin masu duba jini da fitsari a na'ura. Babanmu tela ne. Shekararsa saba'in da ɗaya, ya fi shekara arba'in yana taka keke ɗaya a shago ɗaya mai taga ɗaya da ke kallon titi. Mutum ne da in aka miƙo masa rigar da wani ya ɗinka, ba ya duban gabanta. Juya ta yake yi ya duba cikin, ya ja tsaki, ya ajiye. A ganinsa teloli biyu aka taɓa yi a duniya, shi da wanda ya koya masa, wanda ya koya masan kuma ya rasu.

Wata goma sha huɗu ke nan da wani ɗan ƙurji ya fito masa a fatar ido ta ƙasa, a idon hagu, daidai layin da gashin ido yake tsirowa. Bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Da a ce gidanmu gidan masu hankali ne, da tun a lokacin an je an nuna. Amma muna da Yaya.

Yaya shi ne babban wanmu. Yana da kantin sayar da magani a bakin kasuwa. Bai taɓa zama a aji ɗaya da ake koyar da magani ba. Zaman kanti ya yi shekara shida a wurin wani, ya haddace launin kwalaye, sai ya buɗe nasa, ya sayi farar riga, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, wanda ban taɓa ganin ya sa shi a kunne ba. Unguwa na ce masa Dokta, yana amsawa ko kunya babu. Shi ne ya haska idon Baba da fitilar waya, daga tsaye, yana cikin amsa kiran wani, ya ce, “Hazbiya ce, Baba, kwana uku ta fashe.” Ya ba shi man shafawa. Kwana uku ya zama wata uku. Ya kawo maganin ɗigawa. Ya kawo wasu ƙwayoyi masu ja da rawaya. Ya sake kawo wani maganin ɗigawar, wai wannan daga waje aka shigo da shi. Abin yakan yi ɓawo kamar zai warke, Yaya ya hau cika baki, bayan mako biyu ɓawon ya faɗi a ga wurin ya ƙara faɗi. A wurin Yaya har yau hazbiya ce. Hazbiya mai wata goma sha huɗu, Anti! Da yarinya ce da ta fara tafiya.

Yanzu ya kai girman ƙwayar wake. Gefensa ya ɗaga, tsakiyarsa ta lotsa. Gashin idon da ke wurin ya zube duka, bakin fatar ya ɗan karkace, idon yana ta zubar da hawaye. In ya wanke fuska sai ya yi jini. Rannan yana yankan farin yadi ya goge ido da bayan hannu, jini ya ɗiga a kan yadin mutane. Kin san abin da ya yi? Ya juya yankan yadda tabon zai faɗa cikin kalmasa, ya ci gaba da aikinsa, yana jin daɗin dabararsa. Jinin da ke fita daga idonsa bai dame shi ba, yadin ne ya dame shi.

Sai kuma maganar zare. Baba yana da wata al'adarsa da abokansa tsofaffi suka san shi da ita. Irin ɗan tsiron nan da ke reto a wuya ko a hammata, sai ya ɗaure gindinsa tamau da zaren siliki, bayan kwana huɗu ya bushe ya faɗi. Yana alfahari da wannan kamar wanda ya ƙirƙiro tiyata. To, wata shida da suka wuce sai ya ga ai nasa ma tsiro ne. Ya kira maƙwabcin shagonsa, wani tsoho mai guga da suke tare tun samartaka, ya riƙe masa madubi, Baba ya ɗora tabarau a kan hanci, ya ɗaure abin da ke fatar idonsa. Har zaɓen zare ya yi, ruwan ƙasa, wai don ya dace da fata kada a gani. Abin kuwa ba shi da wuyan da za a ɗaure, a baje yake, sai zaren ya nutse cikin nama. Kwana biyu ido ya kumbura ya rufe. Mama ce ta hango bakin zare yana leƙowa, ta ɗora hannu a ka. Yaya ya zo ya ciro abin da ya iya cirowa, ya ƙara ƙwayoyi, kumburin ya sauka, aka koma gidan jiya.

Makon jiya dai, da kuka da roƙo da sa bakin Mama, na samu na kai shi asibitin ido. Muka samu likita mace, ba ta fi shekara talatin da biyar ba, mai haƙuri. Ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura ta haska, ta ja fatar ta duba cikinta, ta taɓa gaban kunnensa da ƙasan muƙamuƙi, ta auna faɗin abin, ta ɗauki hoto. Ta ce ba za ta faɗi sunan ciwo da ido kawai ba, amma ƙurjin da ya wuce shekara, yana jini, ya cinye gashin ido, dole a yanki ɗan kaɗan a kai gwaji. In gwaji ya nuna abin da take zargi, za a cire shi duka a gyara fatar.

Baba ya ce, “To in kin yanke, da me za ki cike? Fatar ido ai ba yadi ba ce da ake barin rara.” Ta ce in wurin ƙarami ne ana jawo gefe da gefe a haɗa, in ya yi faɗi ana ɗauko fata daga kusa a yi faci. Wallahi Anti, na ga yana gyaɗa kai, na ga maganar ta shige shi, har na fara godiya ga Allah a zuciyata. Sai idonsa ya sauka a kan farar rigarta. Aljihun ya taɓa yagewa an mayar da shi da baƙin zare, ɗinkin manya-manya, a karkace. Ya ce, “'Yata, wa ya mayar miki da aljihun nan?” Ta yi dariya ta ce, “Ni da kaina, Baba, a tsaye ma, kafin a kira mini mara lafiya.” Ya miƙe, ya gyara hula, ya ce mata Allah ya yi albarka, ya fita. Ta ba ni takardar ranar da za mu dawo a ɗauki gwajin, ita ce yanzu saura kwana tara.

A baranda na cim masa. Ya ce, “Baƙin zare a farin yadi. Wadda ta yi wa aljihu wannan aika-aikar ita zan miƙa wa idona? Ta ɗinke ni in kwana ido buɗe kamar kifi?” Da muka koma shago ya ba mai guga labari, shi kuma ya ɗage riga ya nuna tabon aikin da aka taɓa yi masa a ciki, ya ce, “Duba nan, Tela, kamar an ɗinke buhun gawayi.” Suka yi ta dariya, tsofaffi biyu, ɗaya da tabo ɗaya da ido mai jini, suna raina likitoci.

Ranar Lahadi da rana duk muna gida, 'yan'uwana da matansu da yara. Yaya ya kawo wani sabon man shafawa yana cewa ai likitoci yanka kawai suka sani. Nan na fashe. Na ce masa jahili ne mai farar riga, na ce kantinsa wurin sayar da alewa ya fi shi amfani, na ce wata goma sha huɗu yana kashe ubansa a hankali don kada a ce bai sani ba. A gaban matarsa na faɗa. Na juya kan Baba na ce ciwon daji ne a idonsa, zai cinye masa fuska yana nan yana duban aljihun mutane, na ce ɗinkin riga da ɗinkin mutum ba ɗaya ba ne, ya daina ɗaukar kansa wani abu. Baba ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihu, ya ce, “To, Malama likita, mun ji.” Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba. Kullum da safe ni nake zura masa zare a allurai goma in soka masa a ɗan matashinsa kafin in tafi makaranta. Yanzu ya ɗauke matashin ya kai shago. Mama ta ce yakan yi minti goma yana neman kafar allura ɗaya. Yaya kuwa ko kirana ba ya ɗauka.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Ƙyamar fuskarsa nake ji. Ba na iya cin abinci in yana gabana. Ubana ne, shi ya ɗinka mini duk kayan makarantar da na taɓa sawa, amma in na dubi wurin nan sai in kau da kai, sai kuma in tsani kaina. Na duba hotuna a waya na irin wannan ciwon in an bar shi, na yi da-na-sanin dubawa.

Abu biyu nake tunani. Ko in ce masa sabon tabarau za mu je a gwada masa, in mun shiga likita ta yi abin da za ta yi. Ko kuma in kai ƙarar Yaya wurin masu binciken kantunan magani su rufe shagon, in ya so Baba ya rasa mai kawo masa shirme. Yanzu ma ya samo sabon uzuri, wai ya karɓi ɗinkin kayan wata makaranta, sai ya gama. Anti, na gaji da zama mai hankali ɗaya tilo a gida. Me zan yi kafin kwana taran nan su cika?

Taki,
Autar Tela

*

'Yata Autar Tela,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na farko na yi dariya a kan zare ruwan ƙasa. A na biyu dariyar ta tsaya mini. Ni malamar makaranta ce, shekara talatin ina riƙe da alli, ban taɓa riƙe wuƙar tiyata ba. Don haka na kira wata tsohuwar ɗalibata da yanzu take aikin ido, na karanta mata abin da kika rubuta. Abin da zan faɗa a kan ciwon daga bakinta ne. Abin da zan faɗa a kan gidanku kuwa nawa ne.

Kina da gaskiya a babban abu. Hazbiya tana zuwa da zafi da ja da kumburi, ta fashe ko ta lafa cikin mako ɗaya ko biyu, musamman in ana gasa ta da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. Akwai wani ƙululun mara zafi da ke zuwa in hanyar maiƙon fatar ido ta toshe, shi yakan yi makonni, wani lokaci watanni. Tsofaffi kuma fatar idonsu takan fitar da tsiro iri-iri, mafi yawansu ba su da illa ko kaɗan. Amma ƙurjin da ya daɗe, yana ɓawo yana komowa a wuri ɗaya, yana jini, ya zubar da gashin ido, ya karkata bakin fata, a jikin mai shekara saba'in, wannan ba a yi masa kirdado. Rashin zafinsa ba alamar lafiya ba ce. Likitar da kuka gani ta yi daidai, kuma ranar da ta ba ku ba ranar wasa ba ce.

Yayanki kuwa, me zan ce? Mutumin da ya haska ido da waya yana hira ya yanke hukunci, sannan ya shekara yana canja kwalba don kada ya ce “ban sani ba”, bai cancanci farar rigar mai yankan nama ba, balle ta likita. Ɗalibata ta fi damuwa da magungunan ɗigawar. Akwai irinsu da ke kwantar da ja da kumburi nan take, amma in aka yi watanni ana zubawa ba awo sukan jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Ki tattara duk kwalba da kwali da bututun da ya taɓa kawowa, har waɗanda suka ƙare, ki sa a leda ki kai wa likita. Zaren Baba ma shirme ne, shirme mai haɗari, kuma dole a gaya wa likita an yi shi, da lokacin da aka yi.

To amma zo nan, 'yata. Ke da kike koyon gwaji, ke da za ki ci abinci da cewa ba a sanin ciwo sai an duba a na'ura, wa ya ba ki sakamakon da kika karanta wa mahaifinki ranar Lahadi? Likitar da ta duba shi da na'ura ta ƙi faɗin sunan ciwon. Ke kika faɗa, a tsaye, a gaban surukai da jikoki, daga hotunan waya. Yaya ya ce hazbiya ba gwaji, ke kin ce daji ba gwaji. Bambancinku, ke an biya miki kuɗin makaranta. Kin ce ke kaɗai ce mai hankali a gida. Kafin Lahadi kina da uba mai jayayya da ke, yanzu kina da uban da ba ya yi miki magana, ranar asibiti kuma tana matsowa. Ki auna da kanki ko hankali ne ya kawo wannan.

Ko da gwajin ya nuna daji ne, ki sani mafi yawan irin wanda ke fitowa a fatar ido a hankali yake ci, kuma in an cire shi da wuri, aka tabbatar gefensa ya fita tsaf, ana warkewa. Akwai irin da ba ya jira, shi ya sa ba a jinkiri. Hotunan da kika gani na waɗanda aka bari shekara da shekaru ne. Ki daina dubawa.

Yanzu Baba. Kin ɗauki maganar aljihu a matsayin taurin kan tsoho. Ni na ji mutum mai tsoro da ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ɗakin nan: wa zai ɗinka, kuma idona zai rufu? Tela da ido yake ci. Mutumin da ya shekara arba'in yana auna gwanintar hannu da ɗinki, da abin da ya sani ya auna likita. Ma'aunin ne bai dace ba, tambayar kuwa tana nan daram, kuma ba wanda ya amsa masa ita. Da na karanta wa ɗalibata wurin aljihun sai da ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ita ko maɓallin rigarta ya cire tela take kai wa, amma a fatar ido da zaren da ya kusa sirantar gashin kai take ɗinki, a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, hawa-hawa, don bakin fatar ya haɗu daidai. Wannan shi ne abin da ya kamata Baba ya gani da idonsa.

Saboda haka ki koma asibitin ke kaɗai cikin makon nan, ki nemi ganin likitar na minti biyar, ki gaya mata gaskiyar abin da ya fitar da shi. Ki roƙe ta ranar da zai zo ta nuna masa zaren da allurar, in kuma tana da hotunan waɗanda aka yi wa aikin suka warke, waɗanda suka yarda a nuna, ta nuna masa. Yana da hakkin ya tambayi wa zai yi gyaran, sau nawa ya taɓa yi, yaya wurin zai kasance bayan wata uku. In bayan haka ya ce wani likitan yake so, a nema masa, ba laifi ba ne. Kuma ki raba masa abin gida biyu, don kun haɗe masa su ya ga dutse. Abin da ake nema yanzu gwaji ne kawai: a kashe zafin wurin da allura, a ɗauki ɗan kaɗan, ya koma gida a ranar. Maganar babban aiki sai sakamako ya fito, kuma da yardarsa.

Maganar tabarau ki binne ta. Ba likitar kirki da za ta yanki mutum mai hankalinsa ba da saninsa ba. Zai gane tun daga ƙofa, ya juya, daga nan ko ciwon kai ne ba zai ƙara bin ki asibiti ba. Ƙarar Yaya ma ki ajiye ta. Ko an rufe kantin gobe, ƙurjin yana nan, Baba kuma zai ga kin tozarta ɗansa na fari. Abin da Yaya yake yi wa mutanen unguwa magana ce ta gaske da ku 'yan'uwa za ku zaunar da shi a kanta, amma bayan an gama da idon Baba.

Abin da ba za ki so ji ba shi ne, Yaya ne mabuɗinki. Maganarsa Baba yake ji, shi ya sa shirmensa ya yi wata goma sha huɗu yana aiki. Ki je kantin lokacin da ba masu saye. Ki ba shi haƙuri a kan zagin da kika yi masa gaban matarsa, wannan kam kin yi laifi. Kada ki nemi ya ce ya yi kuskure, ba zai faɗa ba, kuma ba shi kike nema ba. Ki ce masa ya gwada duk abin da ke hannunsa abin bai ji ba, saura gwaji, kuma Baba ba zai je ba sai shi ya kai shi. Na san irinsa. A ƙasan farar rigar nan tsoro ne fal, ya daɗe da sanin abin ya fi ƙarfinsa, ƙofar fita kawai ya rasa. Ki buɗe masa, ko da zai riƙa gaya wa unguwa shi ya tura Baba asibiti. Ya ɗauki yabon, ke ki samu gwajin.

Baba kuma ki same shi a shago, ba a gida ba. Ki durƙusa ki gaishe shi yadda kika saba. Ki ce kin yi rashin kunya, kuma kin faɗi sunan ciwon da ba ki da tabbacinsa, tsoro ne ya sa ki. Ki tsaya nan, kada ki ɗora “amma”. In ya saki fuska, ko ranar ko washegari, ki tambaye shi a matsayinsa na gwani: wanda ya kawo riga da 'yar ɓula, da wanda ya bari sai da ta yage har kafaɗa, wanne gyaransa ke ɓacewa ba a gani? Ki bar shi ya amsa da bakinsa, kada ki fassara masa. Ya fi ki sanin amsar. Ɗinkin makaranta kuma ba ya hana mutum fita safiya ɗaya.

Ƙyamar da kike ji kada ta hana ki barci. Masu jinya da yawa sun ji ta a kan iyayensu, ba sa faɗa ne kawai. Tsoro ne ya rasa hanyar fita, kuma rainin da kike ta rabawa a gida daga nan yake fitowa. Wanda bai damu ba ba ya rubuta wasiƙa sau huɗu.

Kafin ranar, ba zare, ba matsa, ba sabon man Yaya, wanke fuska da ruwa mai tsabta kawai. In idon ya kumbura, ko ya fara zafi, ko mugunya, ko ganinsa ya ragu, kada ku jira ranar, ku tafi nan take. In kuma duk da haka ranar ta wuce bai je ba, ba a rufe ƙofa ba: ki karɓi wata ranar mafi kusa, ki sake farawa ba tare da faɗa ba.

Ranar kuwa, Yaya ya shige gaba, ke ki riƙe ledar magunguna ki zauna a kujerar baya. Duk tambayar da Baba zai yi, ko ta ba ki kunya, ki bar shi ya yi ta har ƙarshe. Idonsa ne, kuma mutum ya fi saurin kwanciya a gadon likita in an bar shi ya hau da ƙafarsa.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a ji sakamako mai sauƙi, ya bar masa ganinsa. Ke kuma Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sa ki zama mai gwajin da ke jiran na'ura kafin ta buɗe baki. Ki gaishe mini da Mama.

Taki,
Anti Mai Alli